Ralph Nader: lauyan talakawa ne, ko ɗan a-fasa-kowa-ya-rasa?

Ɗan_Sabuwar_Ƙofa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare muna hira a teburin mai shayi, maganar ƙananan jam'iyyu ta taso, sai wani abokinmu ya ce wai akwai wani lauya a Amurka, Ralph Nader, shi ne ya jawo wa duniya yaƙin Iraƙi. Na kwashe da dariya, ya ce wallahi ba wasa yake ba. Ga lissafinsa: a zaɓen 2000 George Bush ya ci jihar Florida da ratar ƙuri'a 537 kacal, Nader na jam'iyyar Green kuma ya kwashi sama da 97,000 a jihar, kuma da yawa daga mutanensa da Al Gore, abokin karawar Bush daga jam'iyyar Democrat, za su zaɓa. Ba don shi ba da Bush bai shiga fadar ba, da ba a shiga Bagadaza ba. To ni abin da ya ɗaure min kai, mutumin da aka ce ya yi suna wajen kare talaka daga manyan kamfanoni, me ya kai shi takarar da ya san ba zai ci ba? Masana a taimaka.

Baba_Mai_Rediyo:
Wa alaikumus salam. Yaro ka tuna min da baya. Wannan zaɓen a kunnena aka yi shi, rediyo na manne da ni. Da farko gidajen talabijin nasu suka ce Gore ya ci Florida, can suka janye, suka ce Bush ne. Har Gore ya buga wa Bush waya ya taya shi murna, bayan ɗan lokaci ya sake bugawa ya ce ya janye murnar. Mako biyar ana abu ɗaya, daga 7 ga Nuwamba har 12 ga Disamba da Kotun Ƙoli ta tsayar da sake ƙidaya, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mu lokacin shekararmu ɗaya da 'yan watanni da komawa mulkin farar hula, sai muka samu abin tsokana, muna cewa ashe masu koya mana dimokuraɗiyyar ma ƙidaya na ba su wuya. Amma gaskiya sunan Nader bai dame mu ba a lokacin, daga baya ne aka yi ta ambatonsa.

Barista_Zazzau:
Malam Ɗan_Sabuwar_Ƙofa, abokinka ya fara karatun littafin daga shafin ƙarshe. Kafin ka yi wa mutum hukunci da 2000, sai ka san abin da ya yi shekara 35 kafin nan.

An haife shi a 1934 a Winsted, wani ƙaramin gari a jihar Connecticut. Iyayensa baƙi ne daga Labanan, mahaifinsa gidan abinci yake da shi. Ya yi Princeton, ya gama karatun lauya a Harvard a 1958. A 1965 ya fitar da littafi mai suna Unsafe at Any Speed, ma'ana motar da ba ta da aminci ko a hankali kake tafiya ko da gudu. Hujjarsa a taƙaice: duk lokacin da aka yi haɗari sai a ɗora wa direba, alhali kamfanoni sun san yadda za su ƙera motar da ba za ta kashe na ciki ba, sun dai fi son kashe kuɗi a kwalliya. Babin farko a kan Chevrolet Corvair ta kamfanin General Motors ne.

Da kamfanin ya yi shiru, wataƙila da littafin ya kwanta a kanta. Sai suka ɗauki masu leƙen asiri suka bi shi, suna tambayar mutanen da suka san shi game da rayuwarsa, ko za a samu abin ɓata masa suna. Asiri ya tonu. A watan Maris 1966 shugaban kamfanin, James Roche, ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa ya ba shi haƙuri a bainar jama'a. A shekarar aka sa hannu kan dokar kiyaye lafiyar motoci ta tarayya. Nader ya kai su ƙara kan keta masa sirri, a 1970 suka biya shi dala 425,000, ya zuba kuɗin a ƙungiyoyin bin diddigin kamfanoni da hukumomi. Ka ga da kuɗinsu aka sayi bulalar dukansu.

Kwari_Boy:
Au, ashe Kwara ne! Shi ya sa bai san gajiya ba a ciniki. Da a Kano aka haife shi da yanzu yana da layi guda a Kantin Kwari.

Makanikin_Ƙofar_Ruwa:
Barista ranka ya daɗe, bari mai baƙin hannu ya sa baki, don nan fagenmu ne. Corvair injinta a baya yake, kamar tsohuwar Boswaja da iyayenmu suka hau. Nauyi duk yana baya, kuma yadda aka haɗa ƙafafun bayan, in ka sha kwana da ƙarfi tayar sai ta lanƙwashe ta shige ciki, gindin motar ya wulwulo. Maganin da kamfanin ya bayar shi ne iskar taya: gaba 15, baya 26. To don Allah wane mai faci ne zai tsaya yi maka wannan? Ko a nan ka je ka ce a sa maka iska, duka huɗun zai cika su daidai, ya buga da ƙafa ya ce ta yi. Haka su ma can ake yi, motar ta ƙara zama abin tsoro.

Amma a yi adalci. Kafin littafin ya fito kamfanin ya riga ya sauya tsarin ƙafar bayan a ƙirar 1965. Kuma a 1972 hukumar gwamnati ta gwada tsofaffin, ta ce ba su fi sauran motocin zamaninsu irin wannan haɗari ba. Sannan masu cewa Nader ne ya ƙirƙiro bel ɗin kujerar mota, ba haka ba ne. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu wani injiniyan Volvo ne ya yi shi a 1959.

Barista_Zazzau:
Oga makaniki, na karɓi gyara, kuma ban ce shi ya ƙirƙiro ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da abin da yake ganin dama ya zama tilas. Daga 1968 duk sabuwar motar da za a sayar a Amurka sai da bel. Kuma Corvair babi ɗaya ce cikin takwas. Sauran suna magana ne kan sitiyarin da ke soke ƙirjin direba, da gaban mota mai ƙarfe da kaifi, da makamantansu. A 1966, a kowace tafiyar mil miliyan 100 ana rasa mutum sama da biyar a hanyoyinsu. Yanzu bai kai ɗaya da rabi ba. Ba shi kaɗai ya yi ba, amma shi ya buɗe ƙofar.

Maman_Ilham:
Ni ban san mutumin nan ba sai yau, amma bari in faɗi abin da ya same ni. Shekara huɗu da suka wuce muna dawowa daga biki, ni a gaba, ƙanena yana tuƙi. Ni da bel ba ma shiri, yana murƙushe min mayafi, kullum ta baya nake zagaya shi in maƙala don ƙarar nan ta yi shiru. Ran nan yaron ya kafe, ya ce Yaya wallahi ba zan tayar ba sai kin ɗaura. Na ɗaura ina mita. Ba mu yi awa ɗaya ba tayar gaba ta fashe, muka gangara muka daki tudun ƙasa. Kular abincin da ke kan cinyata ta fita ta gilashi, an same ta can cikin gona, shinkafa ta watse ko'ina. Ni kuwa shatin bel ne kawai ya kwanta min daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya yi baƙi ƙirin har sati uku. Allah ne Ya kiyaye, amma da sababi. In wannan bawan Allah na da hannu a sa shi cikin motoci, ni dai ba zan zage shi ba ko me ya yi daga baya.

Baba_Mai_Rediyo:
Allah Ya ƙara kiyayewa, 'yata. Ki riƙe ƙanen nan naki da kyau.

Gaskiya_Ɗaci:
Hajiya sannu da arziki. Amma jama'a kuna kauce wa tambayar. Ba wanda ya ce bai yi aikin kirki a 1966 ba. Tambayar ita ce 2000. Ku yi lissafi da kanku: 537 cikin 97,000 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ko da yawancin mutanensa sun zauna a gida, ko da wasu sun zaɓi Bush, in dai waɗanda za su koma wa Gore sun ɗara na Bush da mutum 538, magana ta ƙare. Kuma ba Florida kaɗai ba. A New Hampshire Bush ya ci da ratar 7,000 da 'yan kai, Nader ya samu sama da 22,000. Ita kaɗai ta ishi Gore, don a can wakilan zaɓe da ake samu ta cin jihohi su ke tantance shugaban ƙasa, kuma sakamakon ƙarshe 271 ne da 266. An roƙe shi, har da tsofaffin yaransa da suka yi aiki tare, cewa ya bar jihohin da ake kankankan. Ya ƙi, yana ta nanata cewa manyan jam'iyyun biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk kamfanoni ke juya su. To an ga Ɗanjuma ai.

Direban_Bronx:
Ɗan'uwa Gaskiya_Ɗaci, wannan maganar ita ce nake ji a bakin fasinjoji 'yan Democrat har gobe, amma laifi tudu ne. Gore ya kasa cin jiharsa ta Tennessee, jihar da ya wakilta a majalisar dattawa, mahaifinsa ma ya wakilta. Da ya ci ta, ba ruwansa da Florida. Na biyu, a Florida ɗin 'yan takara goma ne a takarda, kuma kowane ɗaya daga cikin ƙananan ya samu fiye da 537. Har ɗan gurguzun da ya zo na ƙarshe ya haura wannan adadin. Me ya sa ba a kama su ba? Na uku, takardar zaɓen gundumar Palm Beach an tsara ta a birkice, sunaye hagu da dama, ramukan hudawa a tsakiya, har wani ɗan takara, Pat Buchanan, ya samu sama da 3,000 a wurin da shi kansa ya ce yawanci ba nasa ba ne. Sai kuma Kotun Ƙoli. Mutum biyar sun ɗauki gawa, an sauke, sai a ce ɗaya ne ya kashe.

Gaskiya_Ɗaci:
Malam direba, duk abin da ka lissafa kuskure ne ko ƙaddara. Mai tsara takarda ba ta yi niyya ba, Gore bai so faɗuwa a gida ba. Nader ne kaɗai aka ce masa ga rami, ya ce ya gani, ya ci gaba.

Direban_Bronx:
To ai shi bai yarda ƙuri'ar ta Gore ce ba balle a ce ya sace. Wanda ya ba Nader ƙuri'a ba bawan Democrat ba ne. Kuma akwai abin da yake nema wanda ba ku ambata ba: a dokarsu, jam'iyyar da ta samu kashi 5 a zaɓen shugaban ƙasa tana samun kuɗin gwamnati a zaɓe na gaba. Wannan yake farauta wa Green. Ya tashi da kusan miliyan 2.9, kashi 2.7. Bai kai ba. Nan ne ni ma nake jin zafin abin, don ba a ci biri ba kuma an ɓata hanya da mutanen gari.

Ku da ke gida ba za ku gane yadda aka toshe wa ƙananan jam'iyyu hanya a nan ba. Kowace jiha da dokarta ta shiga takardar zaɓe. A nan New York yanzu sai ka tara sa hannun mutum 45,000 cikin mako shida. Na taɓa ganin masu tarawa a bakin tashar jirgin ƙasa, wata dattijuwa da allo a hannu tana bin mutane, kowa na kauce mata kamar mai bara. Na tsaya na sa mata, ba don na san ɗan takarar ba, tausayi ta ba ni. A zaɓen 2024 sunaye biyu ne kawai a takardarmu.

Barista_Zazzau:
Ƙari a kan na direba: muhawarar talabijin ma hukumar da ke shirya ta a lokacin, shugabannin manyan jam'iyyun biyu ne suka kafa ta a 1987, suka kuma sa sharaɗin sai kana da kashi 15 a jin ra'ayin jama'a. A muhawarar farko ta 2000 a Boston, Nader ya je da tikiti a hannu, ba don ya yi magana ba, don ya zauna a wani ɗaki na gefe ya kalla a allo. Aka tare shi a ƙofa aka mayar da shi.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Ni a ganina kuna ta faɗa a kan mutum, alhali tsarin ne gurgu. A wurinmu a Nijar, kafin juyin mulkin 2023, zagaye biyu ake yi. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, Mahamane Ousmane na biyu. Sauran jam'iyyu suka haɗa kai, a zagaye na biyu Ousmane ya ci. Ƙaramin ɗan takara a irin wannan tsari ba mai ɓata ruwa ba ne, amarya ne, kowa zuwa yake neman aurensa. Da haka Amurka take, da Nader ya kwashi miliyan ukunsa a zagayen farko, Gore ya zo har gida ya durƙusa, a yi ciniki.

Direban_Bronx:
Haka ne mutumin Katsinar Maraɗi. Jihar Maine da Alaska sun fara wani abu mai kama da haka, kana jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku. In naka ya faɗi, ƙuri'arka ta koma wa na biyunka.

Jan_Zakara_83:
Duk wannan dogon turancin, mu a nan mun san irin su Nader tun kafin a haife ku. Malam Aminu Kano ya taɓa cin zaɓen shugaban ƙasa? Amma wa zai ce NEPU da PRP ba su canza Arewa ba? Ga Gani Fawehinmi, shi ma lauya, ya kafa jam'iyyarsa ya tsaya a 2003 ya sha ƙasa. Amma shari'ar da su da Balarabe Musa suka kai har Kotun Ƙoli a 2002 ita ta buɗe ƙofar yi wa jam'iyyu rajista. Ba kowace takara ake yi don kujera ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Baba Jan_Zakara, da girmanka, kwatancen bai hau ba. PRP ta ci gwamnoni biyu a 1979, Kano da Kaduna, da 'yan majalisa. Malam ya gina jam'iyya tun daga unguwa, yana da mutane a kowane lungu. Nader ko katin Green bai taɓa yanka ba, aron tutarsu ya yi. A 2004 ma da suka tsayar da wani lauyan, David Cobb, shi sai ya fito a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Wanda ke son gina gida ba daga rufi yake farawa ba.

Kwari_Boy:
Tunda an zo gida a faɗi gaskiya mana. 2023: Tinubu miliyan 8.7, Atiku 6.9, Obi 6.1, Kwankwaso kusan 1.5. To a cikinsu wane ne Nader? Kowa ya nuna nasa, ni na gudu.

Admin_Zaure:
Kwari_Boy, na gan ka. Duk wanda ya ɗauki wannan ƙugiyar zan goge. Mun sha wannan rigimar wata shida, har mutum uku suka fita daga zauren. A koma Amurka don Allah.

Malama_Hadiza_BUK:
Ni ɓangaren tambayar da ba a taɓa ba nake so in koma: me ya kai shi? Ina ganin sai an dubi abin da ya faru tsakanin 1970 da 1990. A farko ƙofofin Washington a buɗe suke gare shi. Matasan lauyoyi da ɗalibai suna tururuwa wurinsa, suna shiga hukumomi suna tono aikinsu, sun fara da hukumar kula da cinikayya ta tarayya a 1968. Ya kafa ƙungiyar Public Citizen a 1971. A shekarun nan aka samu dokar duba nama, da hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata, da ta ingancin kayan masarufi, kuma da hannunsa a ciki. Har kamfanin jirgin sama da ya hana shi kujerar da ya riga ya kama a 1972 sai da ya ja shi zuwa Kotun Ƙoli.

Sai 'yan kasuwa suka farka. A 1971 wani lauya, Lewis Powell, ya rubuta wa ƙungiyar 'yan kasuwa ta ƙasa takardar sirri yana cewa su tashi su kare kansu, kuma ya ambaci Nader da suna. Watanni kaɗan bayan haka Powell ya zama alƙalin Kotun Ƙoli. A 1978 babban burin Nader, hukumar tarayya mai kare masu saye, ya mutu a majalisar wakilai, alhali Democrat ke da rinjaye kuma Carter ke mulki. Reagan ya zo, Clinton ya zo ya rungumi yarjejeniyoyin cinikin da Nader ke yaƙa. Mutumin da ya saba in ya yi tari majalisa ta saurara, ya wayi gari ba mai ɗaga masa waya. Takarar, a fahimtata, ƙwanƙwasa ƙofa ce da dutse bayan an gaji da sallama.

Amma ina da abin da zan ba Gaskiya_Ɗaci. Mutumin ba ya iya sassauci ko da nasa. Joan Claybrook abokiyar aikinsa ce ta kusa, Carter ya ba ta shugabancin hukumar kiyaye haɗurran motoci a 1977, ba ta shekara ba ya fito fili ya ce ta yi murabus don a ganinsa ta yi sanyi. Wannan halin shi ya sa General Motors ta kasa saye ko tsorata shi, kuma shi ne dai ya sa a 2000 ba wanda ya isa ya ce masa dakata.

Gaskiya_Ɗaci:
Malama, kin faɗi abin da nake ta kewaye. Taurin kan da ke ƙawata lauya shi ke kashe ɗan siyasa.

Barista_Zazzau:
Kuma ya biya kuɗin taurin kan. A 2004 lauyoyin Democrat suka bi shi jiha jiha suna ƙalubalantar takardunsa. A Pennsylvania aka cire shi, kotu ta kuma ce a biya kuɗin shari'a sama da dala 80,000. Ya tashi da ƙuri'a ƙasa da rabin miliyan. A 2008 ya ɗan haura 700,000, daga nan bai sake ba. A 2015 ya koma garinsu Winsted ya buɗe gidan tarihi na shari'o'in neman diyya, kuma akwai Corvair a ajiye a ciki.

Maman_Ilham:
Yana da iyali kuwa? Ina tunanin matar da za ta iya zama da irin wannan.

Malama_Hadiza_BUK:
Bai taɓa aure ba, Maman Ilham. Amma akwai abin da zai taɓa ki. Jirgin Ethiopian Airlines da ya faɗi a 10 ga Maris 2019 jim kaɗan bayan tashi daga Addis Ababa, mutum 157 suka rasu, har da Farfesa Pius Adesanmi, to akwai jikanyar 'yar'uwar Nader a ciki. Yana da shekara 85 ya sake fitowa yana yaƙi da kamfanin Boeing kan 737 MAX, ƙirar jirgin da ya faɗi, da irin hujjar 1965: kada a ɗora wa matuƙi laifin maƙeri.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Allah sarki tsoho.

Ɗan_Sabuwar_Ƙofa:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma har yanzu ban san me zan ce wa abokina ba yau da daddare. In na kawo masa Tennessee zai kawo min New Hampshire. Kuma wa ya tabbatar Gore ba zai shiga Iraƙi ba?

Direban_Bronx:
Gore dai ya fito ya soki shirin yaƙin tun a Satumba 2002, wannan a rubuce yake. Amma mataimakin da ya ɗauka, Lieberman, yana cikin na gaba gaba wajen goyon bayan yaƙin. Ka ba abokinka duka biyun ya zaɓa.

Makanikin_Ƙofar_Ruwa:
Ni dai roƙona ɗaya. Masu kawo min mota da ƙarfen bel na bogi a cusa a rami don ƙarar ta yi shiru, daga yau in na gani cirewa zan yi, kuma ba zan mayar ba. Jiya kaɗai guda uku na tara a aljihun rigar aiki.

Kwari_Boy:
Oga nawa za ka sayar min da ɗaya?